Dashen Zumar Gungu

Cikin duk kwanakin da na yi a aikin gandun daji, ban taɓa mantawa da ranar da Baba Ɗantani ya shigo wurin renon itatuwanmu na kusa da Wara ɗauke da dashen mangwaro a kafaɗa ba. Ya sauke shi a gabana a hankali, kamar mai sauke mara lafiya. Ganyen duk sun yi laushi sun rataye, gefensu ya ƙone. Kwana uku kacal da dasa shi.

Ku da kuka kama aiki bana kun sha tambayata dalilin da ya sa nake sa kowane sabon ma'aikaci ya dafa ganye biyu a ruwan kanwa kafin in miƙa masa butar ban-ruwa. Daga wannan ranar abin ya samo asali.

Farkon damina ne, a shekarar da ta biyo bayan tare kogi a Kainji. Ruwa ya riga ya hau ya cinye tsibiran da mu mutanen Yauri muke kira gungu, an kwashe mazaunansu zuwa sababbin ƙauyuka a kan tudu. Gidajen suna nan a jere, amma babu itace ko ɗaya da mutum zai zauna a inuwarsa. Ofishinmu aka ɗora wa aikin samar da dashe. Mai ba da umarni shi ne Malam Isyaku, ofisan gandun daji, wanda ke zaune a Yelwa yana zuwa mana sau ɗaya a mako. Ni ce mataimakiya, mai rubuta rahoto da lura da lafiyar tsirrai, shekarata biyu da fitowa daga kwalejin 'yan mata. Sai Baba Ɗantani, helma, wato shugaban leburori, da mutum shida a ƙarƙashinsa. Dukansu mutanen gungu ne, masu su da noman albasa tun kaka da kakanni.

Muna renon darbejiya da ɗorawa da tsamiya, amma waɗannan ba su ne abin damuwa ba, domin irinsu na ko'ina. Abin damuwa shi ne mangwaron. A gungun su Baba Ɗantani akwai wani tsohon mangwaro da kakansa ya shuka a bakin mashaya, suna ce masa Zumar Gungu. A bazarar ƙarshe kafin ruwa ya hau, mutanen gungun suka sha 'ya'yansa, suka tara ƙwallayen a kwando suka kawo mana, aka shuka kowanne a ɗan kwandon kaba. Ƙwallon mangwaro ba ya ajiyuwa, in bai shiga ƙasa da wuri ba ya mutu. Uwar kuwa tana ƙarƙashin tafki, sai busassun rassan samanta da ake hangowa daga jirgin ruwa. Ɗari da ashirin suka tsiro. Mun kai arba'in sabon ƙauyensu, ga abin da ya same su. Saura tamanin, kuma babu inda za a sake samun irin.

"Duk haka suke, Baba?" na tambaye shi.

"Duk, Malama. Ruwa kam munka ba su, safe da marece, har ƙasa tana caɓi. Ƙasar tudun ga ce ba ta son mu. Mu ma ba ta karɓe mu ba, balle ɗiyan itace."

Na tona gindin dashen. Ƙasar da ke jikin saiwar a jiƙe take, saiwar kuma fara ce, lafiya lau. Ga ruwa a ƙasa, ga ganye yana mutuwa da ƙishi. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, har wani lebura ya ce wa ɗan'uwansa, da muryar da ya tabbata zan ji, "Malama ta tafi garinsu." Haka suke ce mini duk lokacin da tunani ya ɗauke ni, kuma ba su yi ƙarya ba.

Da la'asar na bi bakin tafki zan koma masaukina. A wannan lokacin na shekara ruwan yakan ja da baya ya bar laka. A cikin lakar na ga ganyayen itatuwan da ruwa ya kashe, naman jikinsu ya ruɓe ya tafi, sai jijiyoyin kaɗai, farare, kamar saƙar gizo-gizo. Na ɗauki ɗaya na ɗaga shi ga rana. Nan take darasin malamarmu ta ilmin tsirrai ya dawo mini, wanda na haddace don jarrabawa ban taɓa zaton zai yi mini wani amfani ba.

Ta ce mana ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Dole ya buɗe su ya shaƙi iska kafin ya haɗa abincinsa da hasken rana, kuma duk buɗewar da ya yi sai ruwa ya fita. Ruwan da ya fita shi ke jawo na bayansa, tun daga saiwa, kamar yadda ake jan igiyar guga. Jijiyoyin nan su ne hanyoyin da ruwan ke bi ya kai ko'ina a jikin ganye. Ta ce tsirran farko da suka fara zama a tudu ba su da jijiya ko ɗaya, kamar gansakukar da ke manne a bakin rijiya, shi ya sa har yau ba ta iya miƙewa tsaye ko ta yi nisa da laima. Cikin zamunna masu tsawo wasu suka zo da jijiya guda, wasu da jijiya mai rassa, har aka kai ga itatuwa masu fure, waɗanda ganyensu saƙa ce sosai, suka iya tsayawa a tsakiyar rana suna aiki. Sannan ta faɗi wani abu da ban kula da shi ba a aji. Ta ce ganye yana saƙa jijiyoyinsa ne tun yana ƙarami, gwargwadon ranar da ya tarar. In ya girma shi ke nan, ba ya ƙara ko zare ɗaya.

Sai na tuna yadda muke renon mangwaron. Leburorinmu sun kafa musu rumfa mai zana biyu a ƙarƙashin wata babbar tsamiya, suna ba su ruwa da ƙwarya sau uku a yini, har da yayyafa wa ganye. Ba wanda ya sa su. Darbejiya tana can a fili, ba mai tausayinta. Amma waɗannan 'ya'yan Zumar Gungu ne, abin da ya rage musu na gida, sai suka riƙe su kamar jarirai. Ni ma na yi ta rubutawa a rahoto cewa ganyen manya ne, kore shar, ina jin daɗi.

Washegari na zo da tukunyar matar da nake zaune a gidanta, da dunƙulen kanwa. Na tsinki ganye ɗaya daga dashenmu, na aika aka tsinko mini wani daga mangwaron da ke tsaye shi kaɗai a bakin kasuwar Wara, wanda rana ke duka tun fitowarta. Na dafa su a ruwan kanwa har suka yi lugub, na shimfiɗa su a faranti, na bi su da tattausan asuwaki har naman ya fita, jijiya ta rage. Leburori suka kewaye ni.

"Yau Malama miyar ganyen mangwaro za ta yi muna," in ji ɗaya.

"In ta dahu a fara ba ka, kai ne mai tsawon hanji," Baba Ɗantani ya ce masa. Amma shi ma yana murmushi.

Na ɗora ganyayen biyu a kan baƙin murfin littafina, na miƙa masa madubin ƙara girma na ofis. "Baba, duba ka gaya mini abin da ka gani. Ni ba zan ce komai ba."

Ya karɓa yana juya shi, ya kanne ido ɗaya. Ya duba na kasuwa, ya duba namu, ya sake komawa. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗinkin taru ba ya buƙatar a yi masa bayanin saƙa.

"Wanga na kasuwa," ya ce, "idonsa ƙanana ne, komar warangi ke nan." Warangi su ne ƙananan kifin nan da ba su kai yatsa ba. "Namu kuwa idonsa ya fi faɗi, awa tarun manyan kifi. To, mi anka yi?"

"Baba, in kana da fangali mai faɗi na albasa, magudanar ruwa guda biyu kaɗai, ranar zafi ina zai fara bushewa?"

"Inda ya yi nisa da magudana mana."

"Ko da kogi a cike yake?"

Ya ajiye madubin a hankali. "Ko da a cike yake," ya ce.

Na gaya masa abin da nake so mu yi. A cire rumfa, a rage ruwa, a bar dashen su fitar da sababbin ganye a cikin rana, waɗanda za su yi saƙar tudu. Sai bayan nan a kai su. Fuskarsa ta canja.

"Ɗiyata, kin san abin da kike faɗi? In hana ma ɗiyan Zuma ruwa, ga tafki yana kallona? Mutanen gari su ji, su ce Ɗantani ya ci albashin gwamnati ya kashe itacen kakansa da ƙishi?"

"Arba'in ɗin can ba a hana su ruwa ba, Baba."

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya nufi gindin tsamiya.

Ranar da Malam Isyaku ya zo na shimfiɗa masa ganyayen a kan tebur. Ya saurare ni har ƙarshe, domin mutum ne mai haƙuri, amma shi ma yana da nasa shugabannin a sama. Ya ce an riga an ba mu motar ɗaukar kaya ta mako mai zuwa, kuma manyan baƙi za su zagaya sababbin ƙauyuka, ana so su ga kore.

"Ranka ya daɗe, za su ga kore ranar da suka zo. In sun dawo bayan kwana uku za su ga kirare."

"Makonni nawa kike nema?"

"Bakwai."

"Bakwai! Rabin damina ke nan, Malama Rakiya. In ruwa ya ɗauke da wuri fa?"

"Sai mu yi ban-ruwa. Ruwa ana iya ɗauko shi a jarka. Ganyen ne ba a iya sake masa saƙa."

A ƙa'idar aikinmu, ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗage ranar dashe da baki. Sai ya rubuta dalilinsa, ya sa hannu, takardar ta shiga fayil, in abin ya ɓaci an san wanda za a tambaya. Malam Isyaku ya turo mini takarda da alƙalami yana kallona, ina jin yana zaton zan ja da baya. Na ɗauki alƙalamin na rubuta. Ya karanta, ya ninke, ya ce a loda darbejiya a motar, baƙi su ga nasu koren.

Nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ina so ku ji shi da kyau. Da takardar ta ba ni iko, sai na yi gaggawa. Washegari da safe na sa aka fitar da layin farko, dashe goma sha biyu, daga rumfa zuwa tsakiyar fili gaba ɗaya. Littafi ya ce rana suke buƙata, na ba su rana. Kafin azahar ta kwana na biyu ganyensu sun yi fari-fari sun ƙone, kamar an goga musu dutsen guga. Bakwai daga ciki ba su tashi ba.

Ina tsugune a gabansu ina ƙoƙarin kada hawaye ya zubo a gaban leburori, sai na ji inuwar mutum a kaina. Na jira faɗa. Baba Ɗantani ya tsuguna a gefena, ya shafa wani ƙonannen ganye da babban yatsansa.

"Haka anka yi muna," ya ce, ba da fushi ba. "Rana ɗaya anka ɗauke mu daga bakin ruwa anka ajiye bisa tudu. Tsofaffinmu da yawa ba su ga wata damina ba, kuma ba yunwa ta kashe su ba."

Ya saki ganyen, ya ci gaba.

"Maganarki gaskiya ce, na gani da idona. Amma littafinki bai gaya miki yadda ake yaye ba. Mu in za mu fid da irin albasa daga rumfa, ba mu yaye zana gaba ɗaya. Tashi in gwada miki."

Tun daga ranar aikin ya koma hannunsa, ni ina rubutawa. Ya fara da cire zana ɗaya ya bar ɗaya. Bayan kwana huɗu ya sa aka janye kwandunan daga gindin tsamiya zuwa inda ranar safe kaɗai ke samunsu. Sannan ya shiga zare karan zanar da ta rage, kowace safiya ya zare kaɗan, har ta zama kamar rariya, haske yana zuba ta ƙofofinta ɗigo-ɗigo. Ruwa ya koma sau biyu, daga baya sau ɗaya, da sassafe, a gindi kawai, ba a taɓa ganye. Yakan tura yatsa a ƙasar kwando, in ya ji sanyi ya hana a ƙara.

Wahalar ba ta tsaya a kan tsirrai ba. Labari ya kai sabon ƙauye, wata safiya sai ga mata uku da tuluna, a gabansu Inna Kulu, yayar Baba Ɗantani, tsohuwa mai kaifin harshe.

"Ina yarinyar da ta hana ma ɗiyan Zuma sha?" ta ce tun daga bakin shinge.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce? Ke da ko goyo ba ki taɓa yi ba, ke za ki koya muna reno?"

Baba Ɗantani ya tare ƙofar shingen da jikinsa. "Yaya, ki kai tulunki gida. Ke da kanki kika shafa ma ɗiyanki maɗaci da za ki yaye su, suna kuka kina dariya. Wa ya ce miki mugunta ce?"

"Kai ma da na yaye ka da wuri da ka yi hankali," ta ce. Matan suka fashe da dariya. Ta juye ruwanta a gindin darbejiya don kada ta koma da shi, ta ce za ta jira ta gani.

A mako na huɗu sababbin ganye suka fito, jajaye, masu taushi, a rataye kamar yadda tohon mangwaro yake. Kowace safiya nakan tsaya a kansu ina tunanin abin da ke gudana a ciki wanda ba na gani, zare yana haɗuwa da zare. Da suka yi kore suka yi ƙwari, sai ga su ƙanana, masu kauri, ba kyan gani kamar na da. Na dafa ɗaya na miƙa wa Baba madubi. Ya duba ya daɗe.

"Warangi ba zai wuce ba," ya ce.

A ƙarshen mako na bakwai muka kai saba'in da uku sabon ƙauye, wasu a amalanke, wasu a ka. Kafin a sa kowanne a rami muka rage tsofaffin manyan ganyen da almakashi, muka yanke rabi, don kada su zubar da ruwan da saiwa ba ta fara kamawa ba. Inna Kulu ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallon dashen da aka sa a ƙofar gidanta. Ta ce ta taɓa ganin figaggiyar kaza da ta fi shi kyau.

Kwana biyu da dasawa, ruwan sama ya ɗauke. Rana ta buɗe kamar bazara ta dawo. Na ƙirga kwana uku, adadin da na farko suka yi, ban iya cin abinci ba. A rana ta tara, har lokacin ko ɗigo bai sauka ba, muka kama hanyar sabon ƙauyen ni da Baba Ɗantani da tsakar rana, domin a lokacin ne ganye ke faɗin gaskiya.

Na farkon da muka tarar yana bakin masallaci. Ganyensa a miƙe. Na biyu ma haka. Muka bi gida gida, ina duba littafi, shi yana taɓa ganye. Biyar sun mutu, biyu daga ciki awaki ne suka cinye. Sauran suna tsaye a cikin wannan rana, ƙanana, ba inuwar da za ta rufe ko kaza, amma a tsaye.

A ƙofar Inna Kulu muka tarar an kewaye nata da ƙaya, an kuma kafa masa 'yar rumfar zana.

"Yaya!" in ji Baba Ɗantani.

"Ka duba da kyau kafin ka buɗe baki," ta ce daga cikin zaure.

Muka duba. Ta zare karan zanar, ta bar ta kamar rariya.

Bara waɗannan itatuwa suka fara 'ya'ya, kuma mutanen gungu sun ce ɗanɗanon na uwarsu ne. Ni ban taɓa shan na uwar ba, don haka na karɓi shaidarsu.

Abin da wannan aiki ya koya mini ke nan. Kyan dashe a rumfa ba shaida ba ne, ku duba inda za shi, ku shirya shi don can. Mutanen da suka kusa kashe mangwaron nan su ne suka fi kowa sonsa, ni kuma da na gane ciwon na kashe bakwai da hannuna saboda ban tambayi wanda ya san yaye ba. Shi ya sa nake sa ku dafa ganye biyu. In kun gama, kada ku kawo mini. Ku kai wa Baba Ɗantani, yana can gindin tsamiya yana zare zana, ku ba shi madubin, ku yi shiru ku ji abin da zai ce.